Akwatin da Ya Yi Magana a Kan Sikeli

Mu mutanen Zariya jirgin sama ya raina mu. Tun 1964 makarantar koyon tuƙin jirgi take nan wajen Palladan, ƙananan jiragenta suna ta shawagi a kanmu har su hana mutum ƙailula, amma ranar da ka yanki tikiti da kuɗinka, sai ka je Kwangila ka nemi motar Kano ko ta Kaduna. Ni Kano na nufa, ina jan lasifikar Yaya mai taya, irin wadda ake kafawa wajen wa'azi da ɗaurin aure. 'Yarsa ce ta sauke Alƙur'ani a Agege. Ya ce haya a Legas tsada, tasa kuma tana shagona a PZ tun da ya kawo gyara, saboda haka in taho da ita walima.

Gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata, don haka na shirya wa tafiyar shiri na masu ilimi. Ma'aikatan jirgi ba ruwansu da girman lasifika ko ƙararta. Batirin da ke cikinta suke tambaya, kuma ma'auninsu ɗaya ne, wanda ake rubutawa Wh. Lissafinsa ba wuya: ka ɗauki lambar da ke gaban V ka ninka da wadda ke gaban Ah. In mAh aka rubuta, ka fara raba ta da 1,000.

Da na kwance bayan ta Yaya, sai na tarar da batirin dalma rufaffe, irin na UPS, na'urar nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta, 12V 12Ah. Wato 144Wh. Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi kan irin wannan batir ita ce kada ya wuce 12V, kada kuma ya haura 100Wh. Na cire shi na sa ƙaninsa mai 7Ah, ya ba ni 84Wh, na kuma rage fiye da kilo guda na nauyi a banza. Da irin mai murafu ne, wanda ake ƙara wa ruwan batir, da magana ta ƙare, wannan ba ya shiga kayan fasinja ko da Sarkin Zazzau ne kawunka. Na zare jar wayar daga kan batirin, na naɗe bakinta da baƙin salatif, na naɗe kan batirin shi ma, don ko makunni ya dannu babu wutar da za ta tafi. Na ɗauki hoton rubutun jikinsa a waya. Na cire ƙananan baturan makirfo na zuba a 'yar leda. Na rufe fuskar lasifikar da kwali biyu, saboda masu loda kaya ba su san takardar lasifika tana yagewa ba, in ma sun sani ba tasu ba ce.

Ƙananan lasifiku na zamani, masu Bluetooth, batirinsu litiyom ne, kuma dokarsa daban. Ƙasa da 100Wh ka wuce abinka. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya yarda tun kafin ranar tafiya. Sama da 160 ba ya hawa da fasinja sam. JBL Charge 5, misali, 27Wh ce, ba ta ma kusa da iyaka. In batirin yana cikin na'urarsa, ana iya barinta a akwatin da za a loda, da sharaɗin an kashe ta kashewa ta gaske, an kuma tsare ta yadda ba za ta kunna kanta ba. Batirin da yake ware, da fawa-bankin cajin waya, waɗannan jakar hannu kawai.

Duk wannan na haddace shi. Abin da ban haddace ba shi ne Gwaggo.

Daren tafiya ta aiko da akwati daga Tudun Wada, saƙon matar Yaya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, dambun nama, atamfa turmi biyu. Ta sa masa kwaɗo ta ba ni makulli, ta ce ba sai na buɗe ba, kayan miya ne kawai. Da safe kuma, ina layin awon kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano, sai ga saƙon muryarta a WhatsApp, minti tara. Na kara wayar a kunne ina sauraro, ina tura kaya da ƙafa.

Yarinyar da ke kan tebur ta tambaye ni, "Alhaji, akwai batir a cikin kayan nan?"

Na gyara tsayuwa. Na yi mata bayanin mai taya dalla-dalla, na nuna hoton, na faɗi 84 da muryar malamin jami'a. Ta gamsu. "Wannan akwatin fa?"

"Kayan miya ne, ƙanwata."

Mai ɗaukar kaya ya ɗaga akwatin ya dire shi kan sikeli, dim. Sai wata mata 'yar Sin ta yi magana daga cikinsa da Turancin nan nata da duk mai ƙaramar lasifika ya sani. Kafin in gane abin da ke faruwa, wayata ta yi tsit a kunnena, muryar Gwaggo ta koma cikin akwati, da ƙarfin da za a ji daga Ƙofar Doka zuwa Kongo:

"...kuma ka gaya wa yayanka, lefen da dangin mijin Hajiyar Tukur-Tukur suka kai, rabinsa aro ne! Ni na ga akwatin da idona a gidan..."

Layi ya yi shiru. Wani dattijo mai babbar riga ya daina jan carbi. Na danna waya in tsayar, hannu na rawa, na danna wurin da ke ƙara wa magana sauri. Gwaggo ta ci gaba da tona asirin lefe da gudu biyu.

Ashe wata 'yar lasifika ce ta saya wa mai sauka a kasuwar Sabon Gari, ta cusa tsakanin atamfa da dambu. Kwanakin baya ta kawo mini ita shago in gwada mata, na haɗa da wayata, kuma Bluetooth ba ya manta wanda ya taɓa gaisawa da shi. Maɓallin kunna ta a tsaye yake a waje, ba a lotse ba. Gwangwanin yaji ya danne shi lokacin da aka dire akwati, shi ke nan. Abin da dokar nan ta kunna kai take gudu ke nan, sai dai ita wuta take tsoro, ba gulma ba.

Aka kai ni gefe wurin jami'in tsaro. Na buɗe kwaɗo, daddawa ta gaishe da kowa. Ya zaro lasifikar da yatsa biyu ya juya gindinta. An rubuta da manyan baƙaƙe: 50000mAh.

Ya ciro wayarsa ya buga. "Hamsin sau 3.7, Malam. 185. Wannan ba ta hawa jirgi, ko a hannu ko a ƙasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya suka rubuta."

Ya ce, "To ai ni abin da aka rubuta nake karantawa."

Gaskiyarsa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen soda ya san abin da ke cikin irin waɗannan. Batura ne masu suna 18650, zagayayyu, sun ɗan fi AA girma. Mafi ingancinsu da manyan kamfanoni ke yi bai cika wuce 3,500mAh ba. Kafin ka tara 50,000 sai ka jera goma sha biyar ko fiye, kowanne kuma nauyinsa kusan giram 45 zuwa 50. Wannan abar gaba ɗayanta ba ta kai nauyin ƙullin kuka ba. Mai kamfanin ya zauna a ƙasarsa ya ƙara sifili don Gwaggo ta ji daɗin saye, ni kuma ina nan ina biyan kuɗin cika bakinsa.

Na roƙi izinin buɗewa. Sukudirebata tana aljihun bayan mai taya, tunda ba a shiga da ita cikin jirgi a hannu. Noti huɗu, biyu a ɓoye ƙarƙashin robar ƙafa. Ciki batura biyu ne shuɗaye, kowanne da rubutunsa, 3.7V 2000mAh. Biyun a haɗe 4000mAh ke nan, na ce ya sake bugawa: huɗu sau 3.7. Ya buga, 14.8. Ya dube ta, ya dubi 185 ɗin da ya samu ɗazu, ya kira ogansa.

Ogan bai damu da lissafi ba, baturan ya duba. Ko sun kumbura, ko fatarsu ta yage, ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna a kai. Da ya ga ɗaya daga ciki, da zance ya mutu, domin batirin da ya ji rauni shi ne mai tashi. Litiyom in ya fara zafi daga ciki yakan ciyar da kansa, ɗaya ya kunna na kusa da shi, kuma iskar kashe gobarar da ke ɗakin kayan jirgi tana iya danne harshen wuta amma ba ta sanyaya shi. A sama, inda mutane suke, ma'aikaciya za ta ga hayaƙi ta kashe, ta yi ta zuba ruwa har ya huce. A ƙasa ba mai gani. Jirgin dakon kaya na kamfanin UPS da ya faɗi a Dubai a 2010 wuta ce ta tashi a kayansa, cikinsu da tarin batiran litiyom. A Janairun 2025 kuma jirgin Air Busan ya ƙone a ƙasa a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, masu bincike suka nuna yatsa ga fawa-bankin da ke ma'ajiyar saman kujera. Don haka wanda ya tsare ka a kan 'yar lasifika ba neman na goro yake ba.

Hukunci: ta koma jakar hannu, a kashe, a manna salatif a kan maɓallin. Tana da ramin USB na cajin waya, ya ce wannan ma ya isa a ɗauke ta kamar fawa-banki. Ya ƙara da cewa in aka karɓi jakata a bakin jirgi saboda ƙarancin wuri, in zare ta in riƙe a hannu. Mai taya kuwa, wadda na kwana ina wa hidima, ta bi ta na'urar duba kaya, mayen ƙarfenta ya fito baƙi ƙirin a allo, aka dubi hoton batir sau ɗaya aka ce ta wuce. Kuɗin ƙarin nauyi ne kawai ya ci ni, kuma da na kwatanta da hayar Legas da Yaya yake gudu, na ga gara kada in gaya masa.

Na sami kujerata, na sa Bluetooth ɗin wayata a kashe, na sake dubawa. Wata Hajiya mai mayafi ruwan toka ta zauna kusa da ni, ta ɗaura bel, ta yi addu'ar tafiya. Sai da jirgi ya daidaita a sama ta sunkuyo.

"Ɗana, ba don gulma ba. Ita Hajiyar Tukur-Tukur ɗin, wacce daga ciki? Don ni ma can nake da aure."