Kashin tattabara da masu son zabtare kuɗin bincike

Tun da gwamnatin Trump ta gabatar da kasafin da ke neman zabtare kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, a 2025, magana ɗaya masu kare matakin ke nanatawa: wai a daina kashe kuɗin jama'a kan binciken da ba a ganin amfaninsa nan take. Maganar nan tana ƙona min rai. Da irinsu ne ke riƙe da lalitar a shekarun 1940, da John Buchanan, masanin sinadaran jiki, za su fara sallama.

Aikinsa a Jami'ar Pennsylvania shi ne ciyar da tattabaru da kwashe kashinsu. Tsuntsu ba ya fitar da ragowar naitirojin a fitsari kamar mu. Farin nan da ke bisa kashin kaza ko tattabara yurik asid ne, ɗan gidan purin. Shi kuwa purin shi ne tubalin adenin da guwanin, biyu daga haruffa huɗun DNA. Zobe biyu ne manne da juna, ƙwayoyin zarra tara: kabon biyar, naitirojin huɗu, kowacce da lambar gurbinta daga 1 zuwa 9. Daga ina jiki ke samo kowacce? Buchanan da abokan aikinsa sai su ba tattabara sinadari mai ɗauke da kabon ko naitirojin mai nauyi a matsayin alama, su tace yurik asid daga kashin, su farfasa shi, su duba gurbin da alamar ta faɗa. Da haka aka gano cewa gurbi na 4 da 5 da 7 daga gilaisin, ɗaya daga tubalan furotin, suke, na 6 daga iskar kabon dayoksaid, na 2 da 8 daga fomet. Daga baya, da hantar tattabara aka gano na 1 daga asfatet, na 3 da 9 daga gulutamin. Bayan ya koma MIT a 1953, ɗakin gwajinsa da na Robert Greenberg a Cleveland suka warware matakai goma da ake bi a gina zoben.

Ba wanda ya warke ranar. Amma sinadarin folet ne ke ɗauko kabon ɗin gurbi na 2 da 8, abin da ya bayyana ɗaya daga hanyoyin da maganin methotrexate ke hana ƙwayar sankara ninkuwa. Pemetrexed, wani maganin sankara da aka amince da shi a 2004, mataki na uku na cikin wuraren da yake toshewa. Sama da shekara hamsin tsakanin kashin tattabara da wannan allura! Wane ɗan siyasa ne zai iya hango haka a takardar neman tallafi?

Masu cewa kamfanoni za su cike giɓin sukan kawo misalin Gertrude Elion, masaniyar haɗa magunguna, sun manta taswirar da ta fassara magungunanta a jami'a aka zana ta. Ita da George Hitchings, a kamfanin Burroughs Wellcome, sun haɗa mercaptopurine a 1951, wanda har yau yana cikin maganin sankarar jinin yara. Azathioprine na masu dashen ƙoda daga gare shi ya fito. Allopurinol kuwa an gwada shi ne don ya hana inzayim ɗin zantin oksides narkar da mercaptopurine da wuri, sai ga shi yana rage yurik asid. Idan yurik asid ya haura kusan miligiram 6.8 a desilita ɗaya ta jini, yakan daskare kamar allurai a gaɓa, galibi babban yatsan ƙafa, mutum ya kasa jure ko mayafi ya taɓa wurin. Ana fara allopurinol da miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa har awon ya sauka ƙasa da 6. Likitan da ya haɗa shi da azathioprine bai rage na biyun zuwa kwata ko sulusi ba, zai iya kashe ɓargon majinyaci, tunda hanyar narkar da maganin ce aka toshe. Wanda bai san hanyar purin ba ba zai ga wannan rami ba.

Neman riba kafin a tona ƙasa jahilci ne, ko da an sa masa sunan tsimi. Majalisar Amurka ta killace kason binciken tushe, ta bar masana su tantance aikin 'yan'uwansu, a kuma riƙa ba da tallafi mai dogon zango, domin matakai goman nan sun ci Buchanan fiye da shekara goma.