Kada ka tsayar da farfelar jirgi a hoto

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda jirgin sama gudu yake, dole idon kyamara ya ƙifta da sauri, kamar 1/2000 na daƙiƙa. Ga jirgin jet, haka ne. Amma ka ɗauki hoton Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya mai farfela, wanda ya fara tashi a 1936, da wannan saurin a bikin nunin jirage na Duxford a Ingila: farfelarsa za ta tsaya cak, kamar injin ya mutu a sama. Abin ba kyan gani! Sauko zuwa 1/250 ko 1/125, ka manne gwiwar hannunka da haƙarƙari, ka riƙa bin jirgin da kyamara. Jikinsa zai fito tas, farfela kuwa dishi-dishi, alamar tana juyawa.