Sare bishiya ba ya maganin cutar jemage

Da zarar an ji cutar Marburg, zazzaɓi mai sa zubar jini irin na Ebola, ta ɓulla wata ƙasa, kamar yadda ta yi a Ruwanda a 2024, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp a Sakkwato: a sare duk darbejiyar da jemagu ke kwana a kai, a banka musu hayaƙi, a ba yara danƙo. Wannan shawara ta fi jemagun haɗari.

Babu gardama, jemage na ɗauke da ƙwayoyin cuta. Jemagen kogo mai cin 'ya'yan itace shi ne ma'ajiyar Marburg, kuma tun 1956 aka gano wata ƙwaya 'yar uwar ta haukar kare a jikin jemagun Legas. Amma ƙwayar ba ta faɗowa kan mai wucewa a ƙarƙashin bishiya. Ta yawu da jini da fitsari da kashi take bi, wato sai an taɓa, an yanka, ko an ciji mutum. To wa zai taɓa jemage in ba yaron da aka ce ya harbo shi ba?

An ma gwada kisan. A mahaƙar Kitaka ta Yuganda, bayan ma'aikata sun kamu da Marburg a 2007, an toshe ramin aka hallaka jemagu dubbai. Wasu suka dawo suka cika wurin, kuma da aka auna su sai aka tarar kason masu ɗauke da ƙwayar ya ƙaru. A 2012 cutar ta sake ɓulla a yankin. Masu cewa rigakafi ya fi magani su fara karanta wannan. Mu da muka ga mutane suna wanka da ruwan gishiri a 2014 saboda Ebola bai kamata saƙon murya ya sake ruɗa mu ba, balle a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, inuwa ta zama dukiya.

Inda matsalar take, ba a maganarsa. Mangwaro ko gwaiba da aka tsinta a lambu da safe da shaidar haƙori a jiki, yara kan yanke gefen su cinye sauran. A Bangaladash ta ruwan itacen dabinon da jemage ya lasa cutar Nipah, mai kumbura ƙwaƙwalwa, ke kama mutane. Sai kashin da ke taruwa cikin silin makarantu da masallatai: in za a kwashe, a yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, a sa takunkumi da safar hannu, a toshe kafar bayan magariba lokacin da suka fita kiwo. Wanda ya toshe da rana, gawarwaki zai tara a kansa.

In jemage ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar haukar kare, ko da raunin bai fi tsinin allura ba. Da Ma'aikatar Lafiya da likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su riƙa faɗin wannan a rediyo kafin lokacin mangwaro, da masu gatari sun rasa masu sauraro.