A daina auna masanin taswira da ƙirgen ambato kaɗai

A jami'o'in yau, in za a auna malami sai a buɗe Google Scholar, shafin binciken maƙalun ilimi a intanet, a duba sau nawa aka ambaci aikinsa, da su wa kuma ya yi rubutu. Masanan taswirar kwamfuta, masu haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan ƙasa, wannan ma'auni ya yi musu daɗi, domin likita da masanin noma da mai binciken ruwa duk suna neman mai zana musu taswira. A ganina ma'aunin bai cika mudu ba, kuma mu mutanen arewacin Kamaru da Chadi mun fi kowa hujjar faɗin haka.

A 2001 Michael Coe da Jonathan Foley na jami'ar Wisconsin a Amurka suka fitar da bincike kan tafkin Chadi, aka yaɗa shi tare da hotunan NASA: tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma kamar kashi ɗaya cikin ashirin. Maganar ta zaga duniya, har yau da wuya a tashi taro kan yankinmu ba a maimaita ta ba. Sai a 2020 Binh Pham-Duc da Florence Sylvestre da abokan aikinsu suka nuna cewa cikin shekaru ashirin na baya tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba. Masuncin Darak, garin da ke tafkin ta ɓangaren Kamaru, da ke tura kwalekwale cikin kacala ya daɗe da sanin akwai ruwa a ƙarƙashin ciyawar da ke rikita hoton sama. Raguwar da fari ya jawo a shekarun 1970 da 1980 gaskiya ce, ba mai musu. Amma masu ambato sun riƙe tsohon hoto suna ta yawo da shi, alhali ruwa ya ci unguwannin Njamena a 2022, ya karya gada a Yagwa a 2024. Ƙirgen ambato bai san wanda ya ambace ka daidai da wanda ya ja maganarka inda ba ka nufa ba.

Akwai aikin da na fi jin daɗinsa. A fadamar kogin Logon da ke arewacin Kamaru, Mark Moritz na jami'ar Ohio State ya yi shekaru yana aiki da cibiyar CARPA ta Marwa mai tallafa wa bincike da kiwo. Sun rataya wa shanu na'urar GPS, sun bi ruga-ruga suna rubuta inda kowa ya sauka. Masanin taswira Ningchuan Xiao ya shiga cikinsu, a 2015 suka fitar da nazarin ƙaurar makiyayan yankin a mujallar PLOS ONE. Abin da tawagar ta gano ya rushe wani tsohon zato: duk da makiyayar a buɗe take ga kowa, makiyaya kan rarrabu gwargwadon yawan ciyawa, ba sa cunkushewa su cinye wuri ɗaya. Ardo zai ce ai wannan ba labari ba ne. Gaskiyarsa. Sai dai yanzu yana da takardar da zai ajiye gaban jami'in da ke cewa yawon kiwo ɓarna ce.

To amma takardar ta iso hannunsa? Yawancin irin waɗannan bincike da Turancin Ingilishi ake rubuta su, a yankin da ofis ke aiki da Faransanci, kasuwa kuma da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa. Rikicin Logon-Birni na 2021 tsakanin makiyaya da masunta, wanda ya kora dubban mutane zuwa Chadi, kan ruwa ne da ramukan kifi da ake haƙawa a hanyar dabbobi. Irin abin da taswira ke iya nunawa ƙarara ke nan, tun kafin a zare wuƙa.

Wani zai ce malami ba gwamna ba ne, nasa bincike. Na yarda da rabi. Akwai ma haɗari: taswirar da ta nuna inda garke ke kwana, in ta faɗa hannun masu satar mutane, ta zama masifa. Shi ya sa tun farko ya kamata masu dabbobin su kasance cikin shawarar abin da za a bayyana da abin da za a ɓoye.

Jami'o'in Marwa da Ngaundere da Garwa da Njamena suna da ikon gyara nasu ma'aunin. Kafin su sa hannu da baƙon mai bincike, su tambaya: sunan ɗan gida da ya sha rana bisa babur zai shiga sahun marubuta, ko sai layin godiya? Kwafin bayanan zai zauna a nan? Ɗalibai nawa za su fita sun iya aikin da kansu? Kayan aikin ba su ne matsala ba yanzu, tunda hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, manhajar zana taswira ta QGIS ma kyauta. Kuma ranar ƙarin girma, malamin da ya kai taswirarsa fadar lamido ya yi bayaninta da harshen da ake ji, a lissafa masa wannan kamar yadda ake lissafa maƙala.