Tarar haraji daban, kamu daban

Daren jiya yayata ta kira ni daga Shari'u Mansur, wani titi a Makka, tana kuka: "Ƙanena, za a kama Malam!" Me ya faru? Masu duba haraji sun shiga shagon turaren da mijinta yake tsaro, suka tarar bai ba wani mai saye fatura ba, wato rasidin ciniki, suka rubuta, suka tafi. Kafin isha'i sai ga wani ɗan garinmu, irin masu "na san manya", wai a kawo riyal 8,000 ya kashe maganar, in ba haka ba Malam zai kwana a hannu.

Na ce: Yaya, kada ki ba shi ko halala ɗaya, wato ko sisi.

Jama'a, tun da harajin nan na kayan saye, wato VAT, ya shigo Saudiyya a 2018 da kashi 5, ya koma kashi 15 a Yulin 2020, muke biyan sa kullum a baƙala, wato kantin unguwa, amma ba mu san dokarsa ba. Rashin ba da fatura tara ce. Rashin rajista ga wanda cinikinsa ya haura riyal 375,000 a shekara, tarar riyal 10,000 ce. In ba ka yarda ba, akwai hanyar ƙorafi, akwai kwamitocin da ke sauraron rigimar haraji. Mai biro da takarda ya zo shago, ba mai ankwa ba.

Tsare mutum kuwa aikin Niyaba ne, wato ofishin masu gabatar da ƙara, kuma da iyaka. Mai bincike kwana 5 yake da shi, ƙari sai da izinin na sama, kuma in an kai kwana 180, ko kotu ko saki, sai dai in kotu ce ta ƙara. Sakin mutum a kan kafala, wato beli, ma a ofis ake yin sa, da sa hannun mai tsaya maka, ba a bayan masallaci da ambulan ba.

Inda nake jin tsoro, kuma na faɗa wa Yaya ƙiri-ƙiri: shagon sunan wa yake ɗauke da shi? In sunan ɗan ƙasa ne a takarda amma jari da riba na Malam ne, wannan tasattur ne, shi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Dillalin nan ko ambatonsa bai yi ba.

Ta yi shiru. Can ta ce bari Malam ya dawo daga Harami.