Goge laifin tuƙi cikin maye a Michigan bai kai yadda ake zato ba

Wasu na ɗauka cewa tunda jihar Michigan ta Amurka ta ba da damar goge laifin tuƙi cikin maye, to shi ke nan, an wanke mutum tas. Ba haka abin yake ba.

Dokar da Gwamna Gretchen Whitmer ta sa wa hannu a 2021, ta fara aiki a Fabrairun 2022, ta shafi laifin farko kaɗai, kuma ban da wanda ya jawo mutuwa ko mummunan rauni. Sai mutum ya jira shekara 5, ya kai buƙatarsa kotu da kansa, alƙali kuma yana iya ƙi. Ko an amince, daga kundin laifuka na jama'a ne kawai ake cire shi. A tarihin tuƙinsa laifin yana nan daram.

Ita kuwa na'urar da ake haɗa wa mota, wadda sai direba ya hura mata numfashi ta gwada ko ya sha barasa kafin injin ya tashi, maganarta daban ce. Wanda aka kama da barasa kashi 0.17 cikin ɗari ko fiye a jininsa, da ita zai samu taƙaitaccen lasisi, wato na tuƙi bisa wasu sharuɗɗa, kuma kuɗinta yawanci daga aljihunsa yake fita.