Tumatir Ya Shanye Mana Dam

Wai don Allah mu masunta me muka yi wa masu noman rani? Tun sanyi bai wuce ba injinan ban ruwa ke ruri a bakin dam ɗin Sabke, dare da rana, kowa ya zura tiyo yana zuƙa kamar gadon ubansa. Inda kwalekwalena ke yawo da kaka, yau awaki ke kiwo! Ka jefa birgi ka jawo taɓo, ka ɗana ƙugiya ka kamo kwaɗo. Tarwaɗa ta shige laka, karfasa kuwa 'yan mitsi-mitsi, ko mage sai ta raina. Sannan in dawo Daura, uwargida ta tare ni a zaure: "Malam, ina na miya?" In ce mata me, tumatir ya shanye?